Sujadar Muhtari a Fagen Ƙaura

Duk wanda ya saba shiga karar shanu ta Shinkafi ranar Alhamis ya san Muhtari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan siriri mai tabon ƙaho a gefen wuya, wanda ake kira idan sa ya ƙi hawa mota. Sauran masu lodi sai su taru su biyar, wannan da igiya wancan da sanda, ana ihu ana zufa. Shi kuwa Muhtari sai ya zagayo ta hagu, ya dafa tozo, ya yi wa san magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci kamar mai lallashin suruki. In ya ji, to, ya hau. In ya ƙi, sai ka ga ya kama ƙaho da hannu ɗaya, haɓa da ɗayan, ya murɗa, ya saka ƙafa. Sa ya kwanta yana huci, a ɗaure shi a ja.

A ruga aka haife shi, kusa da Galadi. Mahaifinsa ya bar masa garke daidai gwargwado, wanda ya san kowace saniya a cikinsa da uwarta da kakarta. Wata rana da hantsi 'yan bindiga suka kore su duka. Ba ya son ba da labarin ranar, in an matsa masa sai ya ce, "Rai ya tsira, alhamdu lillahi." Ya kwaso matarsa Saliha da 'yarsu Hafsat tana goye, suka sami ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida a bakin garin Shinkafi. Da yake ba abin da ya iya sai shanu, sai ya nufi kara neman aiki. Abinci bai gagare su ba. Sai dai abu ɗaya ya tsaya masa a rai, ya kwana da shi ya tashi da shi: ya sake ganin saniya tasa ta kansa, ko guda ɗaya ce, mace, wadda za ta haihu.

A bakin karar akwai wani tsoho mai sayar da igiya, Wakili. A zamaninsa ɗan kokawa ne da aka ji sunansa har ƙetaren iyaka, yanzu gwiwa ta ci shi, sai ya dogara sanda. Ya daɗe yana kallon Muhtari daga rumfarsa. Ran nan ya yafito shi.

"Kai ɗan Hillo, wa yak koya maka wagga taɗiya?"

"Shanu, Baba."

"Lalle shanun ga sun iya koyarwa. Ka taɓa kama mutum?"

Muhtari ya dube shi da mamaki. "Mi mutum yay yi mani da za ni kama shi?"

Wakili ya yi dariya har da tari. Da kaka ta yi, aka gama yankan gero, shi ya ja shi zuwa Badarawa inda ake kokawar ƙauye. Mutane suka yi ta tsiya, wai yaushe Bafillace ya fara kokawa, wannan ai iska ma ta ishe shi. Muhtari ya kayar da mutum uku a yammacin nan. Kaka uku yana zagaya Badarawa da Katuru da ƙauyukan da hanya ta bari a je, ba wanda ya kai shi ƙasa.

Saliha ba ta so ba da farko. Ba tsoron karaya ne ya dame ta ba, kunya ce, a ce mijinta ya tsaya gaban jama'a da ɗan bante. Da ta ga abin ya shiga ransa sai ta sami yadi mai kauri ta ɗinka masa wando da hannu, daga cibiya har ƙasan gwiwa, ta ninka ɗinkin sau biyu. Shi ke nan shirinsa. Sauran 'yan kokawa su zo da layu a dantse, guru a ƙugu, wani ma har da abin binnewa a fage. Muhtari ba ya ɗaura komai. Bisimilla zai yi ya shiga, in ya yi kaye kuma ya juya gabas nan take ya yi sujadar godiya a kan yashin, tun kafin abokan tafiyarsa su iso su ɗaga shi. A ƙauye ba alƙali mai usur. Ganga ita ke yanke hukunci: da mutum ya faɗi makaɗi zai sauya kiɗa, kowa ya san an gama.

A kaka ta huɗu aka yi shelar gasa a Ƙauran Namoda. 'Yan kasuwar garin ne suka haɗa ta, gwanaye goma sha shida daga Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Wanda ya zo na biyu buhun taki biyu. Wanda ya zo na ɗaya karsana.

Muhtari ya sa aka maimaita masa. Karsana, ba maraƙi ba, ba kuɗinta ba.

"Kwana arba'in muke da su," in ji Wakili. "Kuma ka saurare ni da kyau. Waɗanda ka kayar can ƙauye manoma na, sun zo nishaɗi. Na Ƙaura sana'arsu ke nan. Kai kuma har yau kamun sa kake yi. Sa ƙahwa huɗu gare shi amma ba shi da hannu. Mutum in ka kama shi, shi ma kama ka za shi yi."

Daga ranar, da an sallame asuba sai su gangara gulbi inda ruwa ya janye ya bar yashi mai laushi. Wakili ya zauna a kan tabarma da carbinsa, Muhtari ya ɗora rabin buhun gero a kafaɗa ya yi ta gudu, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Sai Wakili ya ja carbi sau uku cur sannan ya ce a sauke. Da la'asar kuma ya tara masa masu lodi biyu, ya ɗaure wa Muhtari hannun dama a baya da igiyar sayarwarsa, ya ce su kama shi, shi kuma ya tsare kansa da hagu da ƙugu kawai. Satin farko sun sha jijjiga shi. Ya dawo gida wuya ba ya juyuwa, Saliha ta gasa masa da ruwan zafi da tsumma. Sai dai ta ƙara yawan fura, ta dama da kauri har ludayi na tsayawa, ta riƙa dafa masa wake da manja, ta cusa masa ƙuli-ƙuli a aljihu in zai fita. Wajen sati na huɗu masu lodin suka fara noƙewa, kowa da uzurinsa, wannan haƙori wancan suna a gidan ƙanwarsa.

Ana gobe tafiya Saliha ta tarar da shi yana auna kusurwar tsakar gida da taku.

"Malam, mi kake nema?"

"Ba komi."

"To ba komin nan, ka bar mani wurin shanya."

Washegari Muhtari da Wakili suka tashi bayan rana ta fito sosai, lokacin da motoci ke taruwa su kama hanya tare. Allah ya kai su Ƙaura lafiya. An zuba yashi a wani fili a bayan kasuwa, an kewaye shi da buhuna, ga rumfar manya, ga tebur na alƙalai, ga 'yan sintiri da sanduna da usur a wuya suna korar jama'a baya. A gindin wata bishiyar bedi kuwa ga karsanar a ɗaure, fara tas, irin bokolo mai gajerun ƙahoni, tozo ya fara tasowa.

Sa'ad da wani mai lasifika yake karanta dokoki, cewa duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ko bayansa ya taɓa ƙasa ya faɗi, kuma wasa bai ƙare ba sai alƙali ya busa usur, Muhtari yana gindin bedi. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa ƙashin bayanta, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Ta sa hanci ta shinshina rigarsa. Sai da Wakili ya turo a kira shi sau biyu.

Karonsa uku na farko ba su ba shi wuya sosai ba. Na farko ya raina siririn jikinsa, ya rugo da ƙarfi, Muhtari ya goce ya taɗe shi. Na biyu ya ɗan ja lokaci. Na uku wani ƙato ne daga Ƙaura, sai da ya ji ƙashin haƙarƙarinsa na ƙara kafin ya samu ya juyar da shi. Kowane karo, usur da gangar makaɗin da ya biyo su daga Shinkafi tare suke tashi, shi kuma ya juya gabas ya kai goshi ƙasa. Jama'a har suka fara jiran abin, in ya yi sai ka ji ana kabbara.

Bayan azahar aka kira karon ƙarshe. Abokin karawarsa Zaharaddeen ne, mutumin Zurmi da ke gyaran babura a Ƙaura, gajere kakkaura, wuya kamar turmi, bakinsa ba ya rufuwa.

"Hillo, ka yi bankwana da amaryar taka? Na ga kun daɗe kuna hira gindin icce."

"Ta ce in gaishe ka."

"Madalla. Yau tuwon shinkahwa za ta ci gidanmu."

Aka busa. Zaharaddeen ya duƙa ƙasa-ƙasa yadda dogon mutum ba ya so, yana neman ƙafa. Sau biyu ya cafki cinyar Muhtari, sau biyu Muhtari ya dasa ɗayar ƙafar ya danne masa ƙeya har ya saki. Suka sarƙe, goshi da goshi, zufa na ɗiga daga haɓa tana yin ɗigo-ɗigo a yashi. Muhtari yana jin numfashinsa yana sauyawa, yana gajarta, yadda na sa ke yi in ya kusa sallamawa. Ya jira. Da ya ji nauyin mutumin ya koma kan ƙafar hagu, sai ya zura hannu ƙarƙashin hamata, ya sa ƙugu, ya ɗaga shi sama gaba ɗaya ya wurgar.

Fili ya ɗauki ihu. Yashi ya tashi. Makaɗin Shinkafi, da yake ta bayan Muhtari yake zaune, ya sauya kiɗa da dukkan ƙarfinsa. Muhtari bai ko waiwaya ba. Ya juya gabas ya zube, gwiwa biyu, tafi biyu, goshi da hanci.

Abin da bai gani ba shi ne Zaharaddeen bai faɗi ba. A kan dugadugansa ya sauka, a tsugune, hannuwa a buɗe kamar kaza ta ji shaho, yana tangaɗi gaba da baya. Tsakanin mazaunansa da ƙasa bai fi yatsa biyu ba, amma bai taɓa ba. Ya yi ta lilo har ya samu ya miƙe. Ya tsaya yana haki, ga abokin karawarsa can ya ba shi baya yana sujada. Ya dubi alƙali, alƙali ya dube shi, usur na bakinsa bai busa ba.

Muhtari yana cikin tasbihi ya ji ihun ya mutu, ganga ta yi shiru. Sannan ya ji usur. Da ya ɗago, yashi manne a goshinsa, hannun Zaharaddeen ne a sama.

Wurin ya rikice. Mutanen Shinkafi suka yo cikin fage, 'yan sintiri suka tare su. Wakili ya manta da gwiwarsa, ya isa teburin alƙalai yana buga sanda a ƙasa.

"Wa yak kada shi? Ku hwaɗa mani wa yak kada shi! Mutum na gaida Ubangijinai ku ce ya hwaɗi?"

"Baba, doka ba ta ce wa yak kada wa ba," in ji alƙalin. "Cewa tay yi wanda yat taɓa ƙasa. Wanga kuwa ba abin da bai taɓa da shi ba, har hanci."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka ce a'uzu billahi. Aka yi ta ja, har babban alƙali, wani dattijo mai farin gemu, ya ɗaga hannu. Ya ce akwai hanya ɗaya. 'Yan sintiri suna ta busa nasu usur lokacin da jama'a suka taso. In ɗan wasa ya ji usur ya ɗauka na alƙali ne, laifin na masu shiri ne, sai a sake karo. Ya sa aka kawo Muhtari gabansa.

"Ɗana, tambaya guda za ni yi maka. Kahin ka duƙa, ka ji usur?"

Wakili ya matso har yana taka masa ƙafa. Muhtari ya dubi Zaharaddeen, wanda ke tsaye riƙe da ƙugu, ƙafafunsa na rawa. In aka sake, ko minti ɗaya ba zai kai ba, kowa a wurin ya sani. Ya dubi gindin bedi. Karsanar ta kwanta tana tuƙa. An busa usur ɗin kuwa, da yawa ma, sai dai shi ya san abin da kunnensa ya ɗauka. Kuma yashin sujadar bai ko bar goshinsa ba.

"Ban ji ba, Baba. Ganga nij ji."

"Ka tabbata? Hayaniya ta yi yawa."

"Ganga ta."

Dattijon ya dube shi, ya ce Allah ya yi masa albarka, hukunci ya tsaya.

A mota Wakili ya zauna a kan buhunan takin. Da suka wuce rabin hanya ya ce wa Muhtari, "Kwana arba'in ina jan carbi cikin sanyin gulbi. Ashe taki nike ma addu'a." Muhtari ya ce ya riƙe takin, tunda shi ke da gona a Badarawa, shi ko tukunyar shuka ba shi da ita. Wakili ya ce ba ya so. Da aka iso kuma Wakilin da kansa ya sa aka ɗaukar masa takin zuwa gidansa.

Labari ya riga shi isa. Saliha ta ajiye masa ruwa, ta zauna nesa kaɗan, tana ta danne bakinta da gefen mayafi.

"Malam, sujadar dai ka cika ta?"

"Na cika."

"To sa hannu, tuwo na hucewa."

Ya ci kaɗan. Kwanakin da suka biyo ya yi aikinsa, ya amsa tsiyar abokai da murmushi, amma in ya shigo gida ba ya duban kusurwar nan.

Alhamis ta biyu bayan gasar, wata a-kori-kura ta tsaya a kara aka ƙwala wa Muhtari kira, wai ga wata ta ƙi sauka. Yana leƙawa ya gane karsanar nan ce. Ta rame, gashinta ya tashi, gefen cinyarta duk baƙin mai. Zaharaddeen ya diro daga gaban motar.

"Hillo, zo ka raba ni da amaryarka. Kwana goma sha biyu ban huta ba. Ɗaki guda gare ni, na ɗaure ta bakin shago cikin babura. Na ba ta tuwo ta ƙi, na ba ta burodi ta ƙi, ta cinye ma wani sit ɗin babur. Saida ta za ni yi."

Muhtari ya hau motar, ya kori masu sanda, ya tsuguna kusa da kanta yana yi mata magana. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya jiƙa dusa da ɗan gishiri. Ta shinshina, ta sa baki. Bayan ta sha ya kama igiyar sakwa-sakwa ya sauko, ta biyo shi kamar tare suka zo. Dillalai suka kewaye, kowa na taɓa ta yana kushewa. Wani mahauci ya matsa cinyarta ya ce in an yi sauƙi zai ɗauka.

"Ba ta yanka ba ce," in ji Muhtari, da ƙarfin da shi kansa bai yi niyya ba. "Badi war haka ta haihu."

Zaharaddeen ya dubi mahaucin, ya dubi yadda karsanar ta jingina kai a cinyar Muhtari. Ya ja Muhtari gefe zuwa rumfar Wakili, ya ce:

"Tun rannan abin na damuna. Kowa ya gan ni sai ya ce ga wanda yac ci gasa tsugune. Ba ni ba ka ita, don ni ma na sha wuya, haƙarƙarina har yau ciwo shikai. Amma in na ba ka kiwo, ka riƙe?"

Wakili ya ajiye igiyar da yake tufka, ya ce shi ne shaida, a faɗi sharaɗi. Aka yi yadda aka saba: uwa ta Zaharaddeen ce, nono na mai kiwo, 'ya'ya kuma a riƙa karɓa bi da bi. Gardama ta tashi a kan na fari. Zaharaddeen ya ce nasa ne tunda shi ya ci gasa. Wakili ya ce ya ji kunya, mutumin da aka wurgar kamar buhun ƙaiƙayi. Aka bar wa Muhtari na fari, aka yi fatiha.

Da damina ta wuce ta haihu. Namiji ne. Muhtari ya tsaya yana kallonsa yana rawar ƙafa a tsakar gida, ya yi dariya, ya ce Allah ya raya. Haihuwa ta biyu ta zo mace, kyakkyawa, rabon Zaharaddeen, wanda ya hau babur tun daga Ƙaura don ya gan ta, ya kuma bar ta a nan wajen uwarta, don har yanzu ɗakinsa ɗaya ne. Saliha ta mayar da shanyarta kan katanga.

Muhtari ya bar shiga gasa, sai dai in kaka ta yi Wakili ya ja shi Badarawa ya kama wa masu tasowa hannu. Yanzu saniyar na ɗauke da ciki na uku, wanda yake nasa. Matan unguwa sun duba yadda cikin ya zauna sun ce mace ce. Zaharaddeen ya rantse namiji ne, wai a bakin shagonsa ta koyi taurin kai. In an tambayi Muhtari sai ya shafa bayanta ya ce saura wata biyu, kowa ya gani.